Ma'aunan Lafiya da Suka Fi Nuna Tsawon Rai ga Masu Ƙarfin Jiki

Duk wanda ya san Riko da sauran garuruwan da ke bakin iyakar Najeriya da Nijar a Ƙaramar Hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, ya san ƙasa ce ta majiya ƙarfi. Akwai manomin da ke wuni a sunkuye tun daga shuka har girbi, akwai ɗan dako da ke saɓa buhu mai kilo 50 kamar ba komai, ga kuma 'yan dambe da 'yan kokawa da ke fitowa fili da zarar kaka ta yi. A ƙetaren iyaka, idan aka wuce Magama da Ɗan Isa, Maraɗi tana cikin jihohin da suka yi suna a gasar kokawar neman takobi da Nijar ke shiryawa tun 1975. A birnin Katsina kuma wani sabon rukuni ya taso: ma'aikata da 'yan kasuwa da ke sassarfa da sanyin safiya a kewayen filin wasa na Muhammadu Dikko, ko suke ɗaga ƙarfe a ɗakunan motsa jiki bayan an tashi daga aiki.

Dukansu ana yi musu kallon masu ƙoshin lafiya, su ma haka suke kallon kansu, shi ya sa ba kasafai suke taka asibiti ba sai ciwo ya kwantar da su. Amma kusan kowace unguwa tana da labarin wani ƙaƙƙarfa da aka wayi gari ya faɗi, ko ɓarin jikinsa ya shanye yana da shekara arba'in da 'yan kai. Tambayar da likitocin zuciya da masana motsa jiki suka shafe shekaru suna bincike a kanta ita ce: a cikin mutanen da ido ke ganinsu garau, wane awo ne yake bambanta wanda zai tsufa da ƙarfinsa da wanda ke ɗauke da cuta a ɓoye?

Kafin a shiga bayani, ya kamata a fayyace abu guda. Ajali na Allah ne, kuma babu na'urar da ke faɗa wa mutum ranarsa. Abin da masu bincike ke yi shi ne su auna dubban mutane, su bibiye su tsawon shekaru, sannan su duba wane rukuni ne mutuwa ta fi yawa a cikinsa. Sakamakon magana ce a kan jama'a, kamar yadda manomi ke cewa gonar da aka sa wa taki ta fi yiwuwar yin albarka, alhali ya san ruwan sama ba a hannunsa yake ba.

Ƙarfin zuciya da huhu

Idan za a zaɓi awo ɗaya tak, mafi yawan masana wannan za su ɗauka. Ana kiransa VO2 max, ma'anarsa iyakar iskar oksijin da jiki ke iya sha ya sarrafa a minti ɗaya yayin da mutum ya kai maƙurar ƙoƙarinsa. Ana lissafa shi da mililita a kan kowane kilo na nauyin jiki. Darajarsa ita ce yana haɗa aikin gaɓoɓi da yawa a lamba ɗaya: huhun da ke jawo iska, zuciyar da ke tura jini, jinin da ke ɗaukar iskar, jijiyoyin da ke kai ta, da tsokar da ke ƙona ta. Idan ɗaya daga cikinsu ya raunana, lambar za ta faɗi tun kafin mutum ya fara jin ciwo.

Shaidun da ke goyon bayansa suna da yawa kuma sun daɗe. A 1989 Steven Blair da abokan aikinsa na cibiyar Cooper da ke Dallas a Amurka suka wallafa binciken da ya bibiyi mutum fiye da 13,000, inda suka ga mutuwa na raguwa daki-daki gwargwadon yadda ƙarfin numfashi ke ƙaruwa. A 2002 Jonathan Myers ya auna maza 6,213 a kan injin gudu, ya gano cewa kowane ƙarin mataki ɗaya na ƙarfi, wanda ake kira MET, yana tafiya da ƙarin kashi 12 cikin 100 na yiwuwar rayuwa a tsawon shekarun da aka bibiye su. MET ɗaya daidai yake da mililita 3.5 na wancan awo. Binciken da ya fi shahara a 'yan shekarun nan shi ne na asibitin Cleveland a 2018, wanda ya ƙunshi mutum 122,007: waɗanda ke ƙasan jeri sun ninka waɗanda ke can ƙololuwa kusan sau biyar a haɗarin mutuwa, kuma masu binciken ba su ga wani matsayi da ƙarin ƙarfi ya daina amfani ba.

Tarihin 'yan wasa ma ya nuna haka. Wani bincike da aka yi a ƙasar Finlan a 1993 a kan tsofaffin 'yan wasan da suka wakilci ƙasar ya nuna masu gudun dogon zango da makamantansu sun fi daɗewa a duniya, 'yan ƙwallo suna biye, sannan masu wasannin ƙarfi irin su kokawa da dambe da ɗaga ƙarfe suka zo a baya, ko da yake su ma sun ɗan ɗara sauran jama'a. Tazarar da ke tsakanin masu dogon zango da mutanen gari ta haura shekara biyar. Darasin da ɗan kokawa zai ɗauka a nan shi ne ƙarfin damtse kaɗai bai kai dogon numfashi riba ba.

Cikakken awon VO2 max yana buƙatar ɗakin gwaji da abin rufe fuska mai auna numfashi, abin da ba a samu a ko'ina. Amma a 1968 likitan sojan saman Amurka, Kenneth Cooper, ya fito da hanya mai sauƙi: mutum ya yi gudu iyakar iyawarsa na minti 12, a auna nisan da ya ci da mita, a cire 505, a raba abin da ya rage da 45. Wanda ya zagaya filin gudu mai mita 400 sau shida, wato mita 2,400, ya sami kusan 42. Wanda ya tsaya a mita 2,000 yana wajen 33. Ga namiji mai shekara arba'in, haura 40 alama ce mai kyau. Mata kan yi ƙasa da haka bisa halitta, kuma lambar kowa tana raguwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowace shekara goma bayan an wuce talatin, sai dai motsa jiki na rage saurin gangarowar. Agogunan hannu na zamani su ma suna ba da ƙiyasi, wanda ya fi amfani wajen ganin ko ana hawa ko ana sauka fiye da a ɗauke shi a matsayin tabbatacciyar lamba.

Gargaɗi ɗaya: wannan gwaji ba na wanda bai san matsayin jininsa ba ne, ba a kuma yin sa da tsakar rana a watannin bazara, ko ana cikin azumi. Wanda ya haura arba'in, ko yake jin nauyi a ƙirji idan ya yi sauri, ya fara ganin likita.

Sai dai akwai inda wannan awo ke rage kaifi. Mafi girman ribar tana samuwa ne lokacin da mutum ya fita daga sahun marasa motsi ya shiga na tsakiya. Tsakanin mutum biyu da dukansu ke da dogon numfashi, bambancin 48 da 52 ba shi ne abin dubawa na farko ba. A nan ne sauran alƙaluma, waɗanda ido ba ya gani kuma gudu ba ya gyara su gaba ɗaya, suke karɓe ragamar hasashe.

Wahalar aiki da motsa jiki

Ɗan dakon Jibiya zai ce shi ba ya buƙatar sassarfa, tunda abin da yake yi a wuni ɗaya ma'aikacin ofis ba zai yi shi a wata ba. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, amma bincike ya zo da abin mamaki. A 2021 Andreas Holtermann da abokansa suka wallafa sakamakon bibiyar mutum fiye da 104,000 a birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak. Waɗanda ke motsa jiki a lokacin hutunsu sun sami raguwar cututtukan zuciya da mutuwa, amma waɗanda aikinsu na neman abinci ne ke da nauyi sun sami ƙaruwa.

Bayanin da masana ke bayarwa shi ne aikin ƙarfi yana ɗaukar awanni masu yawa ba tare da isasshen hutu ba, yana riƙe bugun zuciya da hawan jini a sama tun safe har yamma, kuma duk da haka ba ya kai zuciya matakin da zai faɗaɗa ƙarfinta. Ɗaga kaya mai nauyi tare da riƙe numfashi yana harba jini sama na ɗan lokaci. An taɓa auna masu ɗaga ƙarfe aka ga lambar sama ta haura 300 a daidai lokacin yunƙuri. Ba a yi wannan bincike a ƙasar Hausa ba, kuma talauci da shan taba da rashin zuwa asibiti suna cakuɗe da aikin ƙarfi a ko'ina. Duk da haka ya isa ya rushe tunanin cewa gumin gona ko na tasha rigakafi ne da ke ɗauke wa mutum buƙatar awo.

Hawan jini

A ganin mai wannan rubutu, ga mutumin Riko ko Katsina ko Kano da ya riga ya mallaki ƙarfin jiki, babu lambar da ta kai wannan muhimmanci. Dalilan uku ne a haɗe: cutar tana da yawa a cikinmu, ba ta da alama, kuma awonta ya fi kowane araha. Ƙididdiga daban-daban sun nuna kusan mutum ɗaya cikin kowane manya uku a Najeriya yana da hawan jini, kuma da yawansu ba su sani ba. An daɗe da lura cewa a tsakanin baƙar fata cutar kan fara da wuri, ta fi jin tasirin gishiri, kuma ta fi saurin kaiwa ga shanyewar ɓarin jiki da lalacewar ƙoda da kumburin zuciya. A asibitocin yankinmu, gazawar zuciya da hawan jini ya haifar ta fi toshewar jijiyar zuciya yawa, saɓanin yadda abin yake a Turai.

Motsa jiki na rage hawan jini, amma da 'yan lambobi ne kawai, galibi biyar zuwa takwas a wajen masu cutar. Wanda ya gaje ta daga iyaye zai iya gudun kilomita goma kullum jininsa na nan a 160. A binciken lafiyar 'yan wasa a ƙasashe da dama, hawan jini ne matsalar zuciya da jijiyoyi da aka fi cin karo da ita, musamman a wajen masu manyan jiki. Masu shekaru za su tuna Samuel Okwaraji, wanda ya faɗi a filin wasa na Surulere a Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, ana tsakiyar wasan neman gurbin gasar cin kofin duniya da Angola. Shekararsa 25, kuma binciken gawarsa ya nuna zuciyarsa ta kumbura, yana kuma da hawan jini.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar 140 bisa 90 ko sama da haka, idan an same shi a ranaku biyu mabambanta, a matsayin hawan jini. Abin so shi ne a zauna kusa da 120 bisa 80. Yadda ake awon yana da tasiri ƙwarai, kuma a nan ake yawan kuskure. Mutum ya zauna shiru na minti biyar, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa, hannunsa a ɗore daidai ƙirji. Kada ya ci goro ko ya sha shayi mai kauri ko taba a cikin rabin awa kafin awon, domin goro na ɗauke da sinadarin da ke cikin kofi. Sannan ga abin da ya shafi ƙarfafa kai tsaye: idan damtse ya yi kauri, aka naɗa masa ƙaramin maɗauri, na'urar za ta nuna lamba fiye da gaskiya. Ɗan kokawa ko mai ɗaga ƙarfe ya nemi a yi masa da babban maɗauri, don kada a ɗora shi a kan maganin da ba ya buƙata, kada kuma ya samu hujjar ƙaryata awon gaskiya.

Game da gishiri, shawarar hukumar ita ce kada ya wuce giram biyar a rana, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗanon miya da yajin tsire da kilishi. Mai aiki a rana yana zubar da gishiri a gumi, amma abincinmu na yau da kullum ya kan mayar da shi har da ƙari.

Bugun zuciya a lokacin hutu da bayan gudu

Wannan awo ba ya cin ko kwabo. Da farkawa, kafin a tashi daga shimfiɗa, a ɗora yatsu biyu a wuyan hannu a ƙirga bugu na minti ɗaya. Ga yawancin manya yana tsakanin 60 da 100; masu dogon numfashi kan sauka zuwa 50 ko ma 40 da wani abu, domin zuciyarsu tana tura jini mai yawa a bugu guda. Wani bincike a Kofanhegan da aka wallafa a 2013, wanda ya bibiyi maza kusan 2,800 na shekara 16, ya gano cewa ko bayan an yi la'akari da ƙarfin jikin kowa, ƙarin bugu goma a minti yana tafiya da ƙarin kashi 16 cikin 100 na haɗarin mutuwa. Wato ko a cikin masu ƙarfi, wanda zuciyarsa ke hutawa a 55 ya fi wanda tasa ke 85 kwanciyar hankali. Zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, ƙishirwa da rashin barci duk suna ɗaga lambar na ɗan lokaci, don haka matsakaicin mako guda ake dubawa.

Ɗan'uwansa shi ne saurin saukowar bugu bayan an tsaya. A 1999 Christopher Cole da abokan aikinsa suka auna mutum 2,428, suka ga waɗanda bugunsu bai sauka da fiye da 12 ba a minti na farko bayan gudu sun ninka sauran a haɗarin mutuwa cikin shekara shida, ko bayan an cire tasirin shekaru da sauran cututtuka. Mai horo sosai yakan ga saukowar 25 ko 30.

Abin da ba a so shi ne bugu marar tsari, mai tsalle-tsalle. Irin wannan rikicewar ta fi yawa a wajen maza da suka shafe shekaru masu yawa suna gudun dogon zango, kuma tana iya jawo daskarewar jini da shanyewar jiki. Wanda ya ji haka a wuyan hannunsa ya nemi gwajin ECG.

Damƙa da tsayuwa

A 2015 mujallar Lancet ta wallafa sakamakon wani babban bincike mai suna PURE, wanda ya auna ƙarfin damƙar hannu na mutum kusan 140,000 a ƙasashe 17, ciki har da Afirka ta Kudu da Zimbabuwe. Kowace raguwar kilo biyar a damƙa ta zo da ƙarin kashi 16 cikin 100 na haɗarin mutuwa. A Burazil kuma likita Claudio Gil Araújo ya nuna a 2022 cewa a cikin masu shekara 51 zuwa 75, waɗanda suka kasa tsayawa da ƙafa ɗaya na daƙiƙa goma sun fi sauran haɗari da kusan kashi 84 cikin 100. Shi ne kuma ya yaɗa gwajin zama a ƙasa da tashi ba tare da dafa hannu ba.

Ga matashi mai ƙarfi waɗannan gwaje-gwaje ba sa faɗin wani sabon abu. Zai ci su ba wahala. Amfaninsu yana fitowa ne bayan shekara hamsin, lokacin da tsoka ke fara zagwanyewa, musamman ga tsohon ɗan wasan da ya ajiye horo ya koma zaman shago. Matse ƙwallon roba don ƙara damƙa ba ya ƙara kwana. Damƙar madubi ce kawai ta ƙarfin jiki baki ɗaya.

Ƙugu, sukari da kitsen jini

Awon da ake haɗa nauyi da tsawo, wanda asibitoci ke kira BMI, yana yaudara a wajen masu tsoka, domin sikeli bai san bambancin nama da kitse ba. Ɗan dambe mai murɗaɗɗen jiki zai iya fitowa a sahun masu ƙiba. Awon ƙugu ya fi shi gaskiya: a zagaya tef ɗin tela tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, wajen cibiya, kuma abin da aka samu kada ya kai rabin tsawon mutum. Mai tsawon santimita 170, ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 85. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya ta amince da wannan ma'auni a 2022. Kitsen da ke taruwa a cikin ciki, kewaye da hanta da hanji, shi ne ke jawo ciwon sukari da cutar zuciya, kuma tumbin da muke yi wa kirari da alamar wadata yakan fara fitowa ne daidai lokacin da ɗan dako ya zama mai shago, cin tuwonsa bai ragu ba amma gumin ya ragu.

Sukarin jini bayan kwana ba a ci komai ba ya kamata ya kasance ƙasa da 100 a ma'aunin miligiram, ko 5.6 a ɗaya ma'aunin da wasu ɗakunan gwaji ke amfani da shi. Daga 126, ko 7.0, idan an maimaita aka sake samu, ciwon sukari ne. Akwai kuma gwajin HbA1c da ke nuna matsakaicin sukari na wata biyu zuwa uku, inda 6.5 ke nufin cuta. Sai dai wannan gwaji yana iya karkacewa ga mai sikila ko ƙarancin jini, abin da ya sa a yankinmu bai kamata a dogara da shi shi kaɗai ba.

Kitsen jini nau'in LDL shi ne ke liƙewa a bangon jijiyoyi sannu a hankali tun daga ƙuruciya, kuma gado yana da babban hannu a yawansa. Misalin da likitoci ke yawan kawowa shi ne Jim Fixx, Ba'amurken da littafinsa na 1977 ya sa miliyoyin mutane suka rungumi sassarfa. Ya rasu a 1984 yana cikin gudu, yana da shekara 52, aka tarar jijiyoyin zuciyarsa uku sun toshe ƙwarai. Mahaifinsa ya rasu da ciwon zuciya yana da shekara 43, shi kuma ya daɗe yana shan taba kafin ya fara gudu. Mai yiwuwa gudun ya ƙara masa shekaru a kan na mahaifinsa, amma bai wanke jijiyoyin ba. Akwai wani nau'in kitse mai suna Lp(a), wanda galibi gado ne, ya fi yawa a jinin 'yan asalin Afirka, kuma abinci ko motsa jiki ba sa canza shi sosai. Sau ɗaya ake auna shi a rayuwa, ga wanda ya samu hali a manyan ɗakunan gwaji.

Abubuwan da suka keɓanci yankinmu

Littattafan Turai ba sa ba waɗannan fili sosai, amma a nan suna iya rinjayar duk abin da aka ambata a sama.

Na farko ƙoda. Aiki a zafin da ke haura digiri 40, ƙarancin shan ruwa, da yawan haɗiyar magungunan kashe ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen don a samu komawa aiki gobe, haɗuwa ce mai cutar da ita. Gwajin furotin a fitsari yana da sauƙi kuma yana nuna matsala da wuri. Gwajin jini na creatinine shi ma yana da amfani, amma mai yawan tsoka kan sami lamba mai ɗan yawa ba tare da cuta ba, don haka ya gaya wa likita irin aikinsa ko horonsa. Tramadol, wadda ta zama ruwan dare a tsakanin wasu masu aikin ƙarfi a garuruwan kan iyaka, tana ɓoye gajiyar da ya kamata ta tsayar da mutum, tana kuma jawo farfaɗiya. Taba kuwa, binciken da Richard Doll ya yi na shekara 50 a kan likitocin Birtaniya ya nuna tana rage kusan shekara goma, kuma babu yawan gudun da ke biyan wannan bashi.

Na biyu rukunin jini. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne. Mai AS lafiyayye ne, yana iya zama gwarzon ɗan wasa, kuma wani bincike a kan sojojin Amurka baƙar fata kusan 48,000 a 2016 bai ga ƙarin mutuwa a cikinsu ba. Abin da ya gani shi ne ƙarin haɗarin narkewar tsoka idan aka matsa wa jiki fiye da kima. Mai AS ya kiyayi horo mai tsanani farat ɗaya cikin zafi da ƙishirwa, kuma idan fitsarinsa ya koma kalar shayi bayan wahala, asibiti ya kamata ya nufa a ranar.

Na uku ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da ƙwayar cutar. Tana iya zama shekaru ashirin ko talatin a jikin ƙaƙƙarfan mutum ba alama, sannan ta bayyana da ƙanƙancewar hanta ko sankara. Gwajin na ɗigon jini ne, akwai allurar rigakafi ga wanda ba shi da ita, akwai kuma maganin da ke danne ta ga wanda ke buƙata.

Tarihin gida

Akwai tambayar da ta fi wasu gwaje-gwaje masu tsada amfani: a cikin iyaye da 'yan'uwa na jini, akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a ko ya kamu da ciwon zuciya kafin shekara hamsin? A wajen 'yan ƙasa da 35, yawancin faɗuwar kwatsam a fili tana fitowa ne daga lahani a ginin zuciya ko a wutar da ke sarrafa bugunta, kuma da yawa gado ne. Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a birnin Liyon na Faransa a watan Yunin 2003 yana da shekara 28, aka gano bangon zuciyarsa ya yi kauri fiye da kima. Nwankwo Kanu ya yi sa'a: bayan ya ciyo zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, likitocin Inter Milan suka gano lahani a wata ƙofar zuciyarsa, aka yi masa tiyata a Cleveland, ya dawo fili har ya sake zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1999. 

Suma ana tsakiyar gudu, ciwon ƙirji, ko haki da ya wuce na abokan horo, alamu ne da ba a jinkirta su. Gwajin ECG da hoton zuciya na eko, waɗanda ake yi a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da na Malam Aminu Kano, su ne matakin gaba. Yana da kyau mai karanta sakamakon ya san cewa ɗan wasa ne a gabansa, domin binciken Sanjay Sharma da abokansa a Landan ya nuna zuciyar baƙar fata mai horo tana nuna wasu sauye-sauye a ECG da ɗan ƙarin kaurin bango waɗanda ba cuta ba ne, kuma an shigar da wannan cikin ƙa'idojin duniya na 2017.

Ga mutumin da ke Riko, mafi yawan abin da aka lissafa ba ya buƙatar doguwar tafiya. Bugun zuciya da ƙugu da tambayar tarihin gida ana yin su a ɗaki. Hawan jini ana auna shi a cibiyar lafiya ta matakin farko ko kantin magani, aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma ya fi kyau a rubuta lambar da kwanan wata a takarda ɗaya da za a riƙa ajiyewa. Sukari, fitsari, rukunin jini da ciwon hanta ana iya haɗa su a zuwa ɗaya babban asibiti, biyun ƙarshe kuma ba sai an yi ta maimaita su ba. Kitsen jini da ECG ne kaɗai ke iya sa a shiga mota zuwa Katsina, ko Maraɗi ga wanda can ta fi masa kusa.